Tambarin da ke fitowa kafin fim: na wane ne, kuma yaya ake yin sa?

"Assalamu alaikum. Ina da shagon tura fina-finai a waya da filash a nan Maradi. Yanzu wasu samari masu shirya fim a garin nan sun ce in riƙa karɓar aikinsu ina sayar musu, ina kuma ɗora shi a YouTube. Ina son in yi tambari irin wanda ke fitowa a farkon fim, kamar zakin nan mai ruri na fina-finan Amurka. Wa ke da ikon sa tambarinsa a gaban fim, mai shiryawa ko mai rarrabawa? Ƙananan kamfanoni irin nawa a ƙasashen waje yaya suka faro? Kuma me zan ce wa yaron da zai haɗa mini shi a kwamfuta?" (Mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi)

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyi uku ka ƙulla wuri ɗaya. Ta ƙarshen ita ce mai sauƙi, yaro mai hannu zai gama maka ita cikin mako guda. Ta farkon ce ke raba abokai, don haka da ita zan fara.

Tambarin gaban fim sa hannu ne a bainar jama'a. Wanda ya sa shi yana cewa ne: ni na kawo muku wannan fim, da iznin mai shi, kuma ni za a nema in wata magana ta taso. A al'adar sana'ar, tambarin mai rarrabawa ne ke fara fitowa, sai na waɗanda suka zuba kuɗi, sai na kamfanin da ya ɗauki fim ɗin. Ke nan kai da samarin nan kowa na da gurbinsa: naka a gaba, nasu a bayan naka. Amma kai gurbinka aro ne, na wani wuri da wani lokaci. Shi ya sa fim ɗaya zai fito a Faransa da tambarin wani kamfani, ya fito a Amurka da na wani daban, domin ƙasa-ƙasa ake sayar da haƙƙin nuna shi. Nasu tambarin kuwa yana nan har abada, ba ka da ikon yanke shi.

Zakin da ka ambata na MGM ne, kamfanin da aka kafa a 1924. A wancan zamani babban gida ne da ya mallaki wurin ɗaukar fim, ya riƙe 'yan wasa a kan albashi, kuma uwar kamfaninsa ke da gidajen sinimar da ake nuna fina-finan. Kai ba layinka ba ne wannan. Layinka shi ne na mai rarrabawa mai zaman kansa, wanda ba shi da kyamara, sai ido na zaɓen fim da hanyar kai shi ga masu kallo.

Yadda na waje suka faro

Ɗaya daga cikin na farko da suka yi suna a wannan layi shi ne United Artists, wanda Charlie Chaplin da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa a 1919. 'Yan wasa ne da darakta da suka gaji da yadda manyan kamfanoni ke cin guminsu, suka buɗe kamfanin da aikinsa rarraba fina-finan masu shirya abinsu da kansu. Sai dai ƙofa ba ta buɗe wa ƙananan kamfanoni sosai ba sai bayan 1948, lokacin da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanonin fim da gidajen sinimarsu. Daga nan mai gidan sinima ya samu damar karɓar fim daga hannun wanda ya ga dama.

Cikin waɗanda suka shigo ta wannan ƙofa, Janus Films ya fi dacewa ka yi nazarinsa. An kafa shi a 1956, kuma waɗanda suka kafa shi, Bryant Haliday da Cyrus Harvey, masu riƙe da wani ƙaramin gidan sinima ne a garin Cambridge na jihar Massachusetts. Sun ga masu kallonsu na son fina-finan Turai da Japan da babu mai kawowa, sai suka fara sayen haƙƙin nuna su. Tambarinsu tsohon kwabo ne mai kan mutum da fuska biyu, ɗaya na duban gabas ɗaya yamma, fari a kan baƙi, ba wuta ba hayaƙi. An sayar da kamfanin tun shekarun 1960, amma waɗanda suka saya ba su taɓa kwabon ba, kuma har yau shi ne ke fitowa a gaban tsofaffin fina-finan da suke gyarawa, har da na Usman Sembene na Senegal. Mai kallo da ya ga wannan kwabo ya san irin fim ɗin da ke tafe tun kafin a nuna masa suna. Wannan sanin shi ne dukiyar tambari, kuma zaɓen fim na shekara da shekaru ne ya tara ta.

New Line Cinema kuma Robert Shaye ne ya fara shi a 1967 daga ɗakinsa a birnin New York, yana ba ɗaliban jami'o'i hayar fina-finai. Wani fim ɗin ban tsoro mai ƙaramin jari da suka fitar a 1984 ne ya ɗaga su. Abin lura a nasu tambarin shi ne ɗan rubutun da ke ƙasansa. Da kamfanin Turner ya saye su a 1994, sai sunan Turner ya bayyana a wurin. Da Turner ya shiga cikin Time Warner a 1996, rubutun ya sake canzawa. Haka ma United Artists: kamfanin Transamerica ya saye shi a 1967 ya sa masa nasa harafin T, sannan bayan wani fim ɗin kaboyi mai tsadar gaske ya faɗi warwas a 1980, aka sayar da shi ga MGM a 1981. Da aka zo fitar da tsofaffin fina-finansa a kaset, an cire tsohon tambari a yawancinsu an manna sabo. In kana son sanin wa ke riƙe da haƙƙin fim a wani zamani, dubi daƙiƙu goma na farkonsa.

Namu yankin

Mu a nan matsalar rarrabawa ta girmi ta shiryawa. Bayan samun 'yancin kai, kamfanoni biyu na Turawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da shigo da fim da yawancin gidajen sinima a ƙasashen Afirka rainon Faransa. Su ke zaɓen na Indiya da na kaboyi da za a kalla, fim ɗin ɗan ƙasa kuwa sai ya yi sa'a. Umaru Ganda ɗan Nijar ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972, shi ne ma na farko da ya ɗauke ta, amma cin kyauta daban, samun allon da za a haska ka kullum daban. Haute-Volta, wato Burkina ta yau, ta ƙwace gidajen sinimarta a 1970, daga baya ƙasashen yankin suka haɗu suka kafa CIDC mai hedikwata a Wagadugu don su riƙa rarraba fim da kansu, ɗan Nijar Inusa Useini ya shugabance shi. Bai kai ƙarshen shekarun 1980 ba ya durƙushe, kuma babban abin da ya kayar da shi rashin dawowar kuɗi ne: fim na fita, kuɗin haya ba sa komawa.

A Kano kuwa, tun bayan da fim ɗin Hausa na kaset ya kankama a 1990, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ne suka zama masu rarrabawa, kuma ta hannunsu kaset ke biyo hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa ya iso Maradi. Tsarinsu abin sani ne. Furodusa zai buga kwalin fim, ya ba ɗan kasuwa asalin kaset, ɗan kasuwa ya sayi kaset fanko ya kwafa da kansa, ya biya furodusa gwargwadon kwalin da ya sayar. Kwali shi ne shaidar halal. Da CD ya zo, sannan turi a memori ya biyo baya, kwali ya mutu, shaidar ta tafi da shi. Fim ya koma fayil da ke yawo daga waya zuwa waya ba riga. Abin da ya rage a jikinsa da zai nuna ta hannun wa ya fito shi ne abin da ke cikin hoton kansa. Saboda haka tunaninka na yin tambari daidai ne, ya ma fi muhimmanci yanzu a kan zamanin kaset.

Takarda kafin tambari

Kada ka biya mai montaj, wato mai haɗa hoto a kwamfuta, ko dala sai ka zauna da samarin nan kun rubuta yarjejeniya. Abubuwan da ke kawo rigima sanannu ne. Wane yanki aka ba ka: Maradi kaɗai, Nijar duka, ko har Najeriya? Wace hanya: turi a shago, YouTube, gidan telebijin, ko duka? Na wane tsawon lokaci: shekara biyu, uku? Kai kaɗai ne, ko suna iya ba wani? Tashar YouTube ɗin da sunan wa take, kuma in kun rabu wa zai sauke fim ɗin? Sannan a rubuta a fili cewa kana da iznin sa tambarinka a gaba da kuma a kusurwar hoto, su kuma ba za ka taɓa nasu tambarin da jerin sunayen ma'aikata ba.

Wurin da aka fi yin cinikin biri a sama shi ne rabon kuɗi. A ce kun daidaita kana da kashi 30 cikin 100, fim ya kawo sefa 500,000, ka kashe 100,000 wajen talla da data da fosta. In za ka cire kasonka daga kuɗin da suka shigo gaba ɗaya, ka ɗauki 150,000, ka cire ɗawainiya 100,000, su tashi da 250,000. In kuwa za a fara cire ɗawainiya ne sannan a raba, kasonka 120,000 ne, nasu 280,000. Jika talatin ce tsakani, kuma kowane ɓangare zai rantse cewa "kashi talatin" ɗin da aka faɗa tasa fahimtar ake nufi. A rubuta wanne ne, a kuma sa iyakar abin da za ka iya kashewa ba tare da ka tambaye su ba. Ni aikina hoto da sauti ne, ba shari'a ba. In kun gama rubutawa ku kai wa lauya ko notar ya duba, ku sa shaidu.

Wani abu kuma: tambarinka a kan fim ɗin Indiya ko na Kano da ba ka da takardarsa ba ya mayar da kai mai rarrabawa. Hasali ma ka sa hannu ne a kan kayan wani. Ka ware tambarin ga fina-finan da ka karɓa da izni kawai.

Abin da za ka gaya wa mai montaj

Fara da zanen da ba ya motsi. In bai yi kyau da baƙin biro a kan farar takarda ba, walƙiya da juyi ba za su cece shi ba. Alama ɗaya, suna ɗaya, launi biyu ko uku. Ka guji duniya mai juyawa, da zaki, da mikiya, da dagin Arewa, domin sun cika kasuwa har ba a bambance na wani da na wani. Maradi ba ta rasa abin da aka san ta da shi ba, ko jar akuyarta ma ta isa alama in mai zane ya iya. Ka kuma guji samfurin da ake saukewa a manhajar waya a canza suna kawai. Irinsa na hannun mutum dubu, kuma ba za ka iya yi masa rajista a matsayin naka ba. A zana shi da layi, irin fayil ɗin SVG, wanda za a iya faɗaɗa shi ya cika allon talla ba tare da ya farfashe ba.

In sunan kamfaninka na da ƙ ko ɗ ko ɓ, a gwada salon rubutun tun farko. Yawancin salon rubutu masu ado ba su da haruffanmu masu lanƙwasa, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ya zama akwati fanko. Noto Sans da Charis da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne har ga mai kasuwanci.

Girman hoto ya zama ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. A bar kashi 5 cikin 100 a kowane gefe ba rubutu, wato ɗigo 96 dama da hagu, 54 sama da ƙasa, saboda wasu telebijin na cinye bakin hoto. Ni ina ƙara matse wa masu aiki fiye da haka: alamar da sunan su zauna cikin ɗigo 600 na tsakiya. Dalili shi ne in aka yanko tallan fim a tsaye don TikTok ko sitatus na WhatsApp, faɗin da ke saura daga hoton kusan ɗigo 608 ne kacal, duk abin da ya wuce nan an sare shi.

Masu kallonka a waya suke, kuma fayil ɗin da zai iso gare su an matse shi sau biyu ko uku. Hoton 1080 da aka mayar 360 ya ragu kashi uku, layin da ke da kaurin ɗigo 3 ya koma ɗigo 1, daga nan sai ya ɓace. Kada a yi layin da bai kai ɗigo 6 ba, haruffa kuma kada tsayinsu ya gaza 60. Jan rubutu a kan baƙi ko shuɗi shi ya fi saurin dagulewa, domin bidiyo na adana haske dalla-dalla amma launi rubu'in hakan yake adanawa, sai bakin jan harafi ya yi kamar an shafa shi da yatsa. Fari, ko ruwan ƙwai mai haske, a kan duhu ya fi jurewa. Bango mai duhu da ke sauya launi a hankali shi ma yana fitar da zobba-zobba bayan matsewa. Maganinsa ko dai a bar bangon launi ɗaya, ko a barbaɗa masa ɗan tsakin hoto kaɗan.

Tsawo kada ya wuce daƙiƙa 6. Manyan kamfanoni na yin ashirin saboda mai kallonsu ya riga ya biya tikiti ya zauna. Naka yatsansa na kan allo, kuma datarsa ce ke ƙonewa. Firam shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo. A firam 25 cikin daƙiƙa, daƙiƙa 6 firam 150 ke nan. Ga yadda nake raba su: 12 na farko baƙi ba sauti, don wasu wayoyi na haɗiye farkon fayil, 63 na motsi har alamar ta haɗu, 50 tana tsaye cak a karanta suna, 13 tana dusashewa, 12 baƙi kafin tambarin masu fim ya shigo. Waɗannan 50 na tsayuwa su ne yara ke yawan ragewa saboda motsin ya fi burge su, alhali su ne dalilin yin aikin.

A tambayi masu fim da firam nawa suka ɗauka. Manhajojin waya kan fitar da 30, masu kyamara a nan galibi 25 ko 24. In aka jefa tambari mai 30 cikin fim mai 25, kwamfuta na zubar da firam ɗaya cikin kowane shida, sai motsin ya riƙa tuntuɓe. A fitar maka da kowanne daban daga asalin aikin: na 24, na 25, na 30. Blender da DaVinci Resolve duk suna da sigar kyauta da za ta yi wannan aiki, ba sai an nemo satacciyar manhaja ba.

Sauti

Rabin tambari kunne ne. Duk wanda ya kalli fina-finan karate na Golden Harvest, kamfanin Hong Kong da aka kafa a 1970, zai tuna bugun gangar nan da ke rakiyar sandunan tambarinsu ko da ya manta siffarsu. Sai dai lasifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti, don haka babbar ganga da ke girgiza ɗakin montaj za ta koma ɗan "tak" a hannun mai kallo. Kalangu, gurmi, sarewa ko algaita sun fi ratsa ƙaramar lasifika. Kakaki na sarauta ne, ni ba na ba da shawarar a sa shi gaban fim ɗin soyayya ko na barkwanci. Bugu uku zuwa biyar sun isa, na ƙarshe ya faɗo daidai firam ɗin da alamar ta tsaya.

Ka ɗauko makaɗi ka biya shi, a ɗauki sautin a ɗaki mai labule da katifa, ba fanka ba janareto a kusa, a kan ma'aunin ɗaukar sauti na 48 kHz. Ya sa maka hannu cewa ya sallama maka wannan kiɗa don tambari, a ko'ina, ba iyakar lokaci. In mamba ne na BNDA, ofishin haƙƙin mawallafa na Nijar, ku bi ta can a daidaita. Kada ka yanko kiɗa daga fim ko waƙar wani. YouTube na gane sauti da kansa, kuma tunda tambarin na gaban kowane fim naka, daƙiƙa shida na kayan wani za su iya jawo ƙorafi a kan tasharka gaba ɗaya. Ƙarfin sautin kuma a daidaita shi da na maganar cikin fim. Gidajen telebijin masu bin ma'aunin Turai na neman -23 LUFS, wato awon ƙarfin sauti, YouTube kuwa na sassauta duk abin da ya haura wajen -14. Tambarin da ya fi fim ƙara yana sa mutum ya rage murya, sannan ya kasa jin maganar farko.

Na kusurwa, da rajista

Tambarin gaba kowa na iya yanke shi cikin minti ɗaya, don haka kana buƙatar ƙaninsa na kusurwa: alamar kaɗai ba suna, fara, mai shara-shara yadda ana ganin hoto ta cikinta, tsayinta wajen ɗigo 70, a sama ta dama ko hagu cikin iyakar nan ta kashi 5. Kada a sa ta ƙasa, nan ne wurin fassarar rubutu. Masu kwafa kan rufe ta da tasu, shi ya sa wasu ke sauya mata kusurwa bayan kowane minti goma ko sha biyar. Ba za ta hana sata ba, amma tana nuna asalin fayil in magana ta kai gaban hukuma. Ka roƙi masu fim su ba ka kwafi mai tsabta, kai ma ka ajiye ɗaya da ba a manna masa komai ba, domin gidan telebijin ba zai karɓi mai tambarin kusurwa ba, kuma ranar da yarjejeniya ta ƙare dole a iya cire naka.

Daga hannun mai montaj ka karɓi fayil ɗin zanen, da fayil ɗin aikin kansa, da sigar da ba ta da bango, da sautin shi kaɗai, ka ajiye su wuri biyu. Shi ma ya rubuta maka cewa zanen ya zama naka.

Rajistar alamar kasuwanci a Nijar ta hannun OAPI ake yin ta, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka da ke da hedikwata a Yawunde, kuma tana da ofishin da ke wakiltarta a Yamai. Rajista ɗaya na kare ka a ƙasashe 17 na ƙungiyar har shekara 10, ana kuma sabuntawa. Aji-aji ake yin rajistar, gwargwadon sana'a. Ka nemi aji na 41, wanda ya ƙunshi harkar nishaɗi da fim, ka ƙara aji na 9 in za ka sayar da fim a faifai ko a matsayin fayil. Kafin ka biya, a bincika ko wani ya riga ka sunan. Najeriya ba ta cikin OAPI, ga shi kuwa rabin kasuwarka na iya kasancewa Katsina da Kano. In fina-finanka suka fara tsallaka iyaka, sai ka yi wata rajistar daban a Abuja, wadda ke ɗaukar shekara 7 a karon farko, sabuntawa kuma shekara 14.